Cin zarafin mata: A bar matasa su hau dandali, kallo kaɗai ba ya sauya hali

Duk shekara, daga ranar 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, ana gudanar da gangamin kwana 16 na yaƙi da cin zarafin mata a faɗin duniya. A biranen Arewa an riga an san yadda bikin ke tafiya. Za a raba riguna da huluna masu ruwan lemo, a yi tattaki daga wani shataletale zuwa gidan gwamnati, sannan a taru a babban zaure a saurari jawabai. Kafin a raba abinci, sai mai gabatarwa ya kira ɗaliban wata sakandare su yi ɗan wasan kwaikwayo na minti goma.

Shi ma wasan kusan kowa ya haddace shi. Wani yaro zai maƙala gemun auduga ya fito a matsayin miji, ya daka wa matarsa tsawa saboda tuwo bai sauka da wuri ba, ya kai mata mari. 'Yan kallo su fashe da dariya. A ƙarshe ɗan sanda ya zo ya tasa ƙeyarsa, wata yarinya ta fito ta karanta darasin da ke cikin wasan, manyan baƙi su yi tafi. Sai kuma baɗi.

Masu shirya irin wannan taro suna da kyakkyawar niyya, kuma sun yi daidai da suka gane cewa wasan kwaikwayo na kai saƙo inda jawabi ba ya kaiwa. Inda gizo ke saƙar shi ne irin wasan da ake yi. Yawancin yaran da ke zauren sun sha jin cewa duka da fyaɗe laifi ne. Abin da ba a taɓa koya musu ba shi ne matakin da yaro zai ɗauka ranar da abokinsa ya nuna masa hoton wata yarinya a waya yana cewa zai yaɗa, ko daren da ya jiyo kukan matar maƙwabci ta bayan katanga. Wasan da zai yi amfani shi ne wanda zai ba shi damar gwada wannan mataki a gaban sa'o'insa tun kafin ranar ta zo. Akwai irin wannan wasa, an jarraba shi a ƙasashe da dama, kuma Arewa na da kayan aikinsa a hannu.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken lafiya da yawan jama'a na shekarar 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya gano cewa kashi 31 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko wani nau'in cin zarafi na jiki tun daga shekara 15. Kashi 9 cikin 100 sun ce an taɓa cin zarafinsu ta hanyar lalata. Fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su nemi taimako ba, ba su kuma faɗa wa kowa ba.

Binciken ya kuma tambayi mutane ko akwai dalilin da zai halatta wa miji dukan matarsa, kamar ƙona abinci, ko yi masa gardama, ko fita ba da izininsa ba. Kashi 21 cikin 100 na maza sun amince da aƙalla dalili ɗaya. A cikin mata kuwa, kashi 28 ne suka amince.

Wani binciken na ƙasa da aka yi a 2014 tare da tallafin UNICEF ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Ke nan abin bai tsaya kan mata kaɗai ba, kodayake su ya fi shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan matan da suka taɓa yin aure ko soyayya sun ɗanɗani cin zarafi daga miji ko saurayi kafin su cika shekara 20.

Dokoki sun ƙaru. A 2015 aka sanya hannu kan dokar haramta cin zarafin jama'a da aka fi sani da VAPP, kuma mafi yawan jihohi sun amince da ita daga baya. A watan Yunin 2020 gwamnonin ƙasar suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. A watan Satumbar shekarar, Jihar Kaduna ta amince da hukuncin dandaƙa ga wanda ya yi wa ƙaramin yaro ko yarinya fyaɗe.

Sai dai doka na fara aiki ne bayan an yi ɓarnar, kuma sai wani ya buɗe baki ya kai ƙara. A al'ummar da ake cewa tsakanin mata da miji sai Allah, inda iyayen yarinyar da aka ɓata kan zaɓi rufin asiri don kada ta rasa mijin aure, yawancin ƙararraki ba sa ko isa ofishin 'yan sanda. Aikin da ya rage shi ne sauya abin da mutane ke ganin daidai ne, da abin da suke tsammanin maƙwabta za su yi idan sun gani. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Matar da ta hau dandali a Peru

A 1973 wani darektan wasan kwaikwayo ɗan Brazil mai suna Augusto Boal yana aiki da shirin yaƙi da jahilci a ƙasar Peru, bayan gwamnatin sojan ƙasarsa ta kama shi, ta azabtar da shi, ta tilasta masa gudun hijira. Salonsa a lokacin shi ne 'yan wasa su nuna wata matsala da wani daga cikin jama'a ya kawo, su tsaya a tsakiya, 'yan kallo su ba da shawara, su kuma 'yan wasan su gwada.

Kamar yadda Boal ya ba da labari a rubuce-rubucensa, wata rana wata mata da ba ta iya karatu ba ta kawo matsalarta. Mijinta ya ba ta wasu takardu ta ajiye yana cewa na gida ne, ashe wasiƙun soyayya ne daga wata mace. Wata mata a cikin 'yan kallo ta ba da shawarar yadda za a fuskanci mijin. 'Yan wasa suka gwada sau da yawa, tana cewa ba haka take nufi ba. Da Boal ya gaji, sai ya ce ta hau dandalin ta nuna da kanta. Ta hau, ta damƙi ɗan wasan da ke matsayin mijin, ta yi masa abin da babu wanda ya zata.

Abin da ta yi ba maganin da za a kwaikwaya ba ne. Darasin da Boal ya ɗauka shi ne ɗan kallo na da nasa sanin da ɗan wasa ba zai iya faɗa a madadinsa ba, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Daga nan salon da ake kira wasan zauren tattaunawa ya samo asali, kuma littafinsa kan wasan kwaikwayon waɗanda ake zalunta ya fito a 1974.

Tsarin mai sauƙi ne. Ana yin gajeren wasa da ke ƙarewa da mummunan sakamako. Sai a sake shi daga farko, a ba kowa damar ɗaga murya ya ce a tsaya, ya fito ya maye gurbin wanda ake zalunta ko wani da ke gefe yana kallo, ya gwada tasa dabarar. Ɗan wasan da ke matsayin azzalumi ba ya saduda cikin sauƙi, yana mayar da martani kamar yadda mutum na gaske zai yi. Akwai jagoran wasa da ke tambayar jama'a ko dabarar za ta yi aiki a unguwarsu. Idan sun ce ba za ta yi ba, wani ya fito.

Inda aka auna sakamako

A Jihar Bengal ta Yamma da ke Indiya, ƙungiyar Jana Sanskriti ta fara aiki a ƙauyuka tun 1985, kuma ta daɗe tana amfani da wannan salo. Wani nazari da Bankin Duniya ya wallafa a 2021, wanda ya shafi ma'aurata fiye da 3,000, ya gano cewa a ƙauyukan da ƙungiyar ta yi shekaru tana wasa, dukan mata ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Yawan mazajen da ke ganin dukan mata halas ne kuma ya ragu da rabi.

A Afirka ta Kudu an gwada wani shiri mai suna Stepping Stones a garuruwa da ƙauyuka 70 na lardin Gabashin Cape, da matasa kusan 2,800 masu shekara 15 zuwa 26. Shiri ne na sa'o'i 50, ana raba maza da mata, kuma kwaikwayo da tattaunawa su ne ƙashin bayansa. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa bayan shekara biyu, samarin da suka shiga shirin sun ba da rahoton raguwar cin zarafin da suke yi wa abokan zamansu. Amma a ɓangaren 'yan matan da suka shiga, ba a ga raguwa a cin zarafin da ake yi musu ba. Wannan gargaɗi ne cewa horar da yarinya ita kaɗai ba zai kare ta ba, idan mazan da ke kewaye da ita ba su sauya ba.

A ƙasar ta Afirka ta Kudu dai, shirin talabijin na Soul City ya nuna a 1999 yadda maƙwabta suka fito suna buga tukwane a ƙofar gidan wani mai dukan matarsa, don ya san unguwa ta ji kuma ba ta yarda ba. Daga baya an samu rahotannin mutane na yin hakan a wasu unguwanni. Shirin ya ba maƙwabci wani abu da zai iya yi da hannunsa ba tare da ya faɗa ɗakin wani ba.

A Uganda, masu bincike sun nuna gajerun finafinai a gidajen kallo na ƙauyuka 112. Finafinan ba su sauya ra'ayin mutane kan ko duka halas ne ba. Abin da suka sauya shi ne tsoron da mata ke yi na a kira su magulmata idan sun kai rahoto. Mata sun ƙara nuna shirin yin magana, kuma watanni bayan haka an samu raguwar matan da suka ce an yi duka a gidajensu.

A Najeriya ma an auna. An nuna wa matasa shirin MTV Shuga a wani gwaji da ya haɗa mutum kusan 5,000 a Kudu maso Yamma. Bayan wata takwas, samarin da suka kalla sun rage goyon bayan dukan mata da tilasta musu, idan aka kwatanta da waɗanda aka nuna wa wani fim na daban.

Abubuwa biyu sun fito fili daga waɗannan gwaje-gwaje. Na farko, waɗanda suka fi tasiri sun ɗauki lokaci, daga sa'o'i 50 zuwa shekaru, ba minti goma sau ɗaya a shekara ba. Na biyu, sun mayar da hankali kan samari da mutanen gefe, wato aboki da maƙwabci da dangi, waɗanda shirunsu ke ba azzalumi ƙarfin gwiwa.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa

Wani zai ce wannan dabarar Turawa ce. Tarihi bai goyi bayansa ba. Daga goma ga watan azumi yara kan fita tashe gida-gida, suna kwaikwayon malami da mai magani da tsoho, ana dariya ana ba su hatsi ko kuɗi. A Kano, Nalako kan zagaya da gwagware don zaburar da su su yi aure. A fadoji akwai wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansu, su nuna musu halayensu ba tare da an hukunta kowa ba. Al'ummar Hausa ta daɗe da amincewa cewa a cikin wasa, ƙarami na iya faɗa wa babba abin da ba zai iya faɗa a zaure ba.

Tashen 'yan mata na Mairama da Daudu ma darasin zaman aure ne. Sai dai darasin ya fi karkata ga yadda mace za ta yi wa miji hidima da ladabi. Ba a cika ganin wasan da ke koya wa yaro namiji yadda zai riƙe fushinsa ba. Wannan giɓi ne da za a iya cikewa ba tare da an rushe al'adar ba. A wasu shekarun baya-bayan nan 'yan sanda a Kano sun dakatar da tashe saboda 'yan daba da ke fakewa da shi. Tsaron rayuka na gaba da komai, amma mayar da tashen cikin makarantu da filayen unguwa ƙarƙashin kulawar manya ya fi barin sa ya mutu.

Marubuta ma ba su yi shiru ba. Wasan Uwar Gulma na Mohammed Sada ya nuna halin da matar aure ke shiga a hannun mijin da ke wulaƙanta ta. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina ya nuna yadda mai kuɗi ke yaudarar 'yar makaranta. Littattafan Balaraba Ramat Yakubu sun tattauna auren dole da zaluncin cikin gida. Ɗalibai da yawa sun karanta irin waɗannan littattafai don cin jarrabawa kawai, ba tare da an taɓa tsayar da labarin an tambaye su abin da za su yi ba.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa, tun tsakiyar shekarun 1970 Michael Etherton da abokan aikinsa suka fara fitar da ɗalibai daga aji zuwa titunan Samaru da ƙauyukan da ke kewaye. A 1977 aka yi Wasan Manoma a yankin Soba. Malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun ci gaba da wannan aiki shekara da shekaru. Tun da wuri suka gano cewa kai wa ƙauyawa wasan da aka dafa a jami'a bai isa ba, sai an zauna da su an ƙirƙira tare, su fito a ciki. Ke nan ilimin yana Zariya kusan shekara hamsin. Abin da ya rage shi ne a kai shi makarantun sakandare.

Yadda zai kasance a makaranta

A ɗauki aji na ɗalibai 'yan shekara 15 ko 16. Su za su kawo labarin, daga irin abin da suke gani a unguwa, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Misali, yarinya mai tallar goro da wani magidanci ke saye duka farantin ya ce ta shigo soro ta karɓi kuɗi. Mai shagon da ke kallon ƙofar gidan ya gani. Yayanta ya lura tana dawowa da wuri da kuɗi fiye da ƙima. Uwar ta ji daɗin ciniki. Ba wanda ya ce uffan har abin ya faru.

A zagaye na biyu, wani ɗalibi zai ce a tsaya, ya shiga a matsayin mai shago. Wataƙila ya tunkari magidancin da zagi, shi kuma ya ce masa ina ruwanka, 'yarka ce? Ajin zai ga zagi bai kai ko'ina ba. Wata ɗaliba ta shiga a matsayin ƙawar yarinyar, ta ƙi barin ta ta shiga soron ita kaɗai. Wani ya gwada zuwa wurin mai unguwa, sai a ga mai unguwar abokin magidancin ne, a koma neman wata ƙofar. Cikin sa'a guda ajin ya gwada hanyoyi biyar ko shida, ya ga wadda ke da haɗari da wadda za ta yiwu.

Haka za a yi da labarin malamin da ke neman ɗaliba da alkawarin maki, da na saurayin da ke barazanar sakin hoton budurwarsa a WhatsApp, da na majalisar samari da ke tsokanar duk yarinyar da ta wuce. Yaron da ya taɓa cewa abokinsa ya goge hoton nan a gaban mutum arba'in, ko da a wasa ne, ya riga ya ji yadda kalmar ke fita daga bakinsa. Ya kuma ga cewa da yawa daga cikin sa'o'insa suna tare da shi, alhali da yana zaton shi kaɗai abin ke damu.

Ba kowa ne zai iya tsayawa gaban jama'a ba. Mai jin kunya na iya rubuta waƙa ko gajeren labari, mai zane ya zana taswirar wuraren da 'yan mata ke tsoron bi a hanyar makaranta. Irin wannan taswira na iya nuna wa shugaban makaranta lungun da ke bukatar fitila ko mai gadi.

Haɗarin da ke ciki

Wannan aiki na iya cutarwa idan aka yi shi da ganganci. Ba a ɗora wadda aka ci wa zarafi a dandali ta maimaita abin da ya same ta don a burge baƙi. Ba a nuna fyaɗe ko duka ƙarara. Ba a kuma gina wasan ta yadda za a gane gidan da ake nufi.

A kowane aji akwai yiwuwar samun wanda labarin ya taɓa kai tsaye, kuma wasu za su zo bayan an tashi su faɗi abin da ba su taɓa faɗa ba. Malamin da ya buɗe wannan ƙofa dole ya san inda zai kai su. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, da cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, da cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Dole ya san cewa maganin kariya daga cutar HIV bayan fyaɗe sai an fara shi cikin sa'o'i 72 yake aiki. Tayar da magana ba tare da wurin kai ta ba ƙarin rauni ne ga yarinyar.

Haka kuma bai kamata wasan ya ɗora wa yarinya nauyin kare kanta ba. Idan kullum darasin shi ne da ba ta fita ba, ko da ta sa wani tufafin, to an wanke mai laifi ke nan.

Akwai kuma iyaye da malaman addini da ke ɗari-ɗari da duk abin da aka kira wasan kwaikwayo, saboda cuɗanyar maza da mata da raye-raye. Wanda ya raina wannan damuwa bai koyi darasi daga abin da ya faru a 2016 ba, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin finafinai a Kofa da ke Jihar Kano bayan adawar malamai. Wannan salo ba ya bukatar rawa ko kiɗa, kuma ana iya yin sa maza daban mata daban, kamar yadda aka yi a Afirka ta Kudu. Saƙon ma ba baƙo ba ne ga addini, domin ya tabbata daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Ya kamata a gayyaci limamai da fastoci da masu unguwanni tun ranar farko, su ga abin da idonsu, su kuma shiga tattaunawar.

Nauyin da ke kan Kannywood

Duk abin da makaranta ta gina a sa'a guda, waya na iya rushe shi da dare. Matashin Arewa na kallon finafinan Kannywood da shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da Arewa24, da barkwancin TikTok, fiye da yadda yake zama gaban kowane malami. A yawancin labaran nan mari ya zama hanyar nuna fushi ta yau da kullum. Saurayin da aka ƙi amma ya nace yana bibiya har yarinya ta gaji, shi ake nunawa a matsayin masoyi na gaskiya. Matar kirki ita ce wadda ta shanye wulaƙanci har mijin ya shiryu a fitowar ƙarshe.

Ba a ce a daina nuna mugunta a fim ba, domin labari ba ya tafiya sai da ita. Abin tambaya shi ne abin da sauran mutanen cikin labarin ke yi idan ta faru. Marubucin da ya sa abokin jarumi ya riƙe masa hannu, ko ya sa uba ya ƙi mayar da 'yarsa gidan da ake dukanta har sai an zauna an yi magana, ya koyar da miliyoyi ba tare da ya rage wa fim ɗinsa armashi ba. Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda ke sa ido sosai kan sutura da rawa, ya dace ta riƙa duba wannan ɓangaren ma, ta hanyar zama da marubuta da horar da su maimakon dakatarwa kawai.

Abin da ya kamata a yi

Ma'aikatun ilimi na jihohi su farfaɗo da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a makarantun sakandare, su ware musu lokaci a jadawali kowane mako. A horar da aƙalla malamai biyu a kowace makaranta, mace da namiji, kan jagorancin irin wannan wasa da kuma yadda ake karɓar ƙorafin yaro cikin sirri. Sassan koyar da wasan kwaikwayo na jami'o'in Zariya da Jos da Bayero na da malamai da ɗaliban da za su iya ba da horon, kuma masu yi wa ƙasa hidima da suka karanci fannin za su iya taimakawa.

Miliyoyin matasan Arewa ba sa makaranta. Su ma a bi su inda suke, a tashoshin mota da garejin kanikawa da majalisun unguwa da kulob-kulob na ƙwallo da makarantun Islamiyya. Gidajen rediyo na iya yin wasan da za a tsayar a tsakiya, masu sauraro su bugo waya su faɗi matakin da za su ɗauka.

Ƙungiyoyi masu ba da tallafi su daina auna nasara da yawan mutanen da suka cika zaure da hotunan da aka ɗauka. Su ba da kuɗin aikin shekara biyu ko uku a unguwanni kaɗan, a tambayi matasa ra'ayinsu kafin a fara da bayan an gama, a duba ko ƙorafe-ƙorafen da ke isa cibiyoyin taimako sun ƙaru, a kuma wallafa sakamakon ko da bai yi daɗi ba.

Wasan kwaikwayo ba zai maye gurbin ɗan sandan da zai yi bincike tsakani da Allah ba, ko alƙalin da ba zai yi ta ɗage shari'a har iyaye su gaji ba. Ba zai cire talaucin da ke ɗora wa yarinya faranti ba. Amma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, domin fili da alli da malami mai horo sun isa a fara. Idan Nuwamba ta zagayo, kuɗin riguna da huluna na taro ɗaya zai iya horar da malaman makarantu da dama. Idan kuma dole sai an yi wasan a zauren, to lokacin da mai gemun auduga ya ɗaga hannu, a tsayar da shi, a juya ga yaran da ke zaune a tambaye su wanda zai fara fitowa.